Shaidu Biyu a Kan Buhu Ɗaya

Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa ya san asubar hunturu, lokacin da ruwan randa yake yankan hannu kamar aska. Ya kuma san yadda uwa take haɗa wa yaro ruwan wanka. Ta sauke tukunya daga murhu tana tafarfasa, ta tsiyaya kaɗan a bokiti, ta riƙa ɗebo na randa da moɗa tana zubawa tana tsoma bayan hannu, har ta ji ya yi daidai da jikin yaro. Wannan shi ne surki. Ba ta riƙe alƙalami ba, amma buƙata biyu take biya a lokaci guda: ruwan ya kai yawan da zai isa wanka, zafinsa kuma ya tsaya inda ba zai ƙona ba, ba zai kuma sa karkarwa ba. In ta bi yawa kaɗai, yaro ya fito haƙoransa suna haɗuwa. In ta bi zafi kaɗai, ruwa ya ƙare masa da kumfa a ka.

Da za a kawo ma'aunin zafi a gwada, a ce tafasasshen yana kan 100, na randa yana kan 20, ana son bokiti mai lita 20 ya tsaya a kan 40, amsar ita ce lita 5 na zafi da lita 15 na sanyi. Wato moɗa ɗaya daga tukunya, uku daga randa, abin da hannun uwa ya daɗe da sani. Irin wannan tambayar ce ake yi wa yaranmu a jarrabawar WAEC da NECO, sai dai an sake mata riga, an sa mata x da y, su kuma su riƙa kallonta kamar baƙuwar da ta sauko daga Ingila.

Ɗan yayata ne ya jefa ni cikin wannan tunani. Yana aji biyar a sakandare, ya zo mini hutu da littafin lissafi a hammata, fuska a murtuke. Ya ce, “Kawu, don Allah wannan lissafin na gauraye, a ce an haɗa kaza da kaza, a nemo x a nemo y, a ina mutum zai ci abinci da shi?” Na ce ya ajiye littafin, gobe kasuwa, zai raka ni wurin wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya fi shekara arba'in yana awon hatsi, bai kuma taɓa zama a bencin boko ba.

Ƙasarmu ƙasar hatsi ce. Waɗannan ƙananan hukumomi uku, masu kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, suna kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi ta Daura da Jibiya nauyi, masara da dawa da waken soya da auduga suke yi sosai. Abin da aka girbe a nan yana cikin abin da yake cika kasuwannin Sheme da Ɗandume da Funtua, daga can manyan motoci su kwasa su nufi Kano da kudancin ƙasar nan. Kowane buhu da aka ɗora a mota sai da ya bi ta hannun ma'auni, ma'auni kuwa da ka yake lissafi.

Mun tarar da Baba a rumfarsa da tulin masara biyu a gabansa. Ɗaya tsohuwa ce, ta bara, ta bushe ƙayau, in ka tauna sai ta ce ƙas. Ɗaya sabon girbi ce, da sauran laima a jikinta, shi ya sa ta fi araha. Farashi kullum cikin sauyawa yake, don haka bari in sa alƙaluma masu sauƙin bi: tiyar tsohuwa Naira 1,200, ta sabuwa Naira 800. Muna cikin gaisawa sai ga wani mai kiwon kaji. Ya ce kuɗinsa Naira 38,000 ne cif, yana son cikakken buhu mai tiya 40, a haɗa masa daga tulin biyu, a sa tsohuwar iya yadda kuɗin zai ɗauka.

Baba ya ɗaga kai sama, leɓensa ya ɗan motsa, sai ya ce wa yaron rumfa, “Auna masa goma sha biyar a tsohuwa, ashirin da biyar a sabuwa.” Ɗan yayata ya zaro ido. Ya ce, “Baba, yaya aka yi ka sani?” Dattijo ya yi dariya ya ce, “Abokina, ai ba duba na yi ba. Na ƙaddara duk buhun sabuwa ce, ka ga kuɗinta dubu talatin da biyu. Shi kuma ya zo da talatin da takwas, rarar dubu shida ke nan. Duk tiyar sabuwa da na cire na mayar da tsohuwa, ɗari huɗu ta hau. To, ɗari huɗu nawa ne a cikin dubu shida? Goma sha biyar. Abin da ya rage a buhu kuma sabuwa.”

Na tsinci wani yagaggen kwali na miƙa wa yaron da biro, na ce ya rubuta abin da mai kaji ya nema yadda malaminsu ya koya musu, tsohuwa ta zama x, sabuwa ta zama y. Ya rubuta layi biyu:

x + y = 40
1,200x + 800y = 38,000

Daga layin farko ya fitar da cewa y ita ce 40 a ɗebe x. Ya ɗauki wannan ya zuba a layi na biyu, ya samu 1,200x + 32,000 − 800x = 38,000. Ya tattara, ya rage 400x = 6,000, x ta fito 15, y ta fito 25. Ya tsaya yana kallon kwalin. Ga 32,000 ɗin Baba, ga 6,000 ɗinsa, ga 400 ɗinsa, kowace a inda dattijon ya faɗe ta, kuma bi da bi yadda ya jero su. Hanyar da littafi yake kira musanya, wadda yaron ya yi wata biyu yana kokawa da ita, ita ce Baba ya bi a tsakanin ɗaga kai da sauke shi.

Abin lura na farko yana cikin waɗannan layuka biyu. Ni ina kiransu shaidu biyu. Shaida na farko yana magana a kan yawa: ya ce buhu tiya 40 ne. Gaskiya ya faɗa, amma maganarsa kaɗai ba ta yanke hukunci, domin 39 da 1 arba'in ne, 20 da 20 ma arba'in ne. Shaida na biyu yana magana a kan daraja: ya ce kuɗin 38,000 ne. Shi ma gaskiya ya faɗa, amma tiya 5 ta tsohuwa da 40 ta sabuwa kuɗinsu ke nan, 25 ta tsohuwa da 10 ta sabuwa ma kuɗinsu ke nan. Haɗin farko ya fi ƙarfin buhu, na biyu bai cika shi ba. Sai an zaunar da su biyun a tabarma ɗaya ake samun amsa guda da ta gamsar da kowa: 15 da 25. Ƙa'idar ke nan, kuma ba ta da wuyar riƙewa. Abu biyu da ba ka sani ba suna buƙatar shaidu biyu, abu uku shaidu uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu tashi ba sai ga wani mai saye, da alama ɗan sari ne. Ya ce shi ma buhu yake so mai tiya 40, amma a Naira 30,000, domin an yi masa tayin haka a wata rumfa. Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce, “Alhaji, Allah Ya ba da sa'a, koma can ka saya. Amma ka zazzage buhun ka gani kafin ka biya.” Na ce wa yaron ya gwada wannan ma a kwali. Ya bi hanyar ɗazu, sai ya ga x ta fito −5. Ya ce, “Kawu, na yi kuskure. Ta ba ni tiya biyar ƙasa da babu.” Na ce bai yi kuskure ba. Lissafi ne yake gaya masa, da irin harshensa, cewa abin da ake nema ba ya cikin waɗannan tuli biyu.

Wannan shi ne abin lura na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Gauraye ba ya fita daga tsakanin iyayensa. Ruwan surki ba zai fi na tukunya zafi ba, ba zai fi na randa sanyi ba. Buhun da aka haɗa daga masarar 1,200 da ta 800 dole tiyarsa ta tsaya a tsakanin nan, ta kuma karkata wajen wadda ta fi yawa. Idan aka ce maka an same shi ƙasa da kuɗin mafi araha, to akwai baƙo na uku a cikin buhun da ba a gabatar maka da shi ba: tsakuwa, ko totuwa, ko ƙaiƙayi, ko ruɓaɓɓiya a tsakiya da kyakkyawa a baki, ko kuma an bugi gindin kwanon awo. Har adadin baƙon ana iya fitarwa. Naira 30,000 a kan 800 tiya 37 da rabi take saye, saura tiya biyu da rabi na abin da ba masara ba. Mai sayen bai samu ragin ko sisi ba, ya dai biya kuɗin dako da na mota a kan shara, ya kuma ƙara wa matarsa aikin tsinta. Bahaushe ya riga ya gama magana: banza ba ta kai zomo kasuwa.

Lissafin da mai gaskiya yake yi shi ne mai algus yake yi, alƙalumansu ɗaya. Inda suka rabu shi ne faɗa da ɓoyewa. Mai kajin nan shi ya nemi haɗin da bakinsa, a gabansa aka auna kowace, ya san 15 ya saya a nan da 25 a can. Addini kuwa bai bar wannan babi a buɗe ba. Sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye mudu ta fara. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki alhali saman a bushe, ya tsawatar wa mai shi don bai bar jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta lissafa cakuɗa maras kyau da mai kyau tare da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Yaranmu ma sun san labarin yarinyar Madina da ta ƙi zuba wa madara ruwa a zamanin Sayyidina Umar, wadda ta zama kakar Umar ɗan Abdul'aziz. Tun can ana surki a kasuwa, tun can kuma ake samun masu ƙi.

Mu bar rumfa mu shiga gona, domin a can ne wannan lissafi yake cin kuɗi ko ya cece su. Kowane buhun takin zamani yana ɗauke da lambobi a jikinsa, mafi yawanmu kuwa launin buhu da sunan kamfani muke kallo. Kamfa mai 15:15:15 yana nufin a cikin kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, 15 na fosfaras mai ƙarfafa saiwa, 15 na fotashiyam mai taimakon kara da ƙwaya. Buhu kilo 50 ne, don haka kilo 7 da rabi na kowanne ke ciki. Yuriya kuwa abu ɗaya take ɗauke da shi, naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu.

Manomi yakan ce zai haɗa kamfa biyu da yuriya ɗaya. Ka tambaye shi ƙarfin haɗin, wani ya tara 15 da 46 ya ce 61, wani ya raba biyu ya ce 30 da ɗoriya. Duka biyun sun kauce. Na farko ya manta cewa gauraye ba ya wuce iyayensa, na biyu ya manta cewa kamfa ya ninka yuriya yawa. A nan ma shaidu biyu za a kira. Yawa: buhu uku kilo 150. Abin da ke ciki: naitirojin kilo 15 daga kamfa da 23 daga yuriya, 38 ke nan, fosfaras 15, fotashiyam 15. Raba kowanne da 150, haɗin ya fito kusan 25:10:10. Naitirojin ya hau, sauran biyun sun sauka daga 15 zuwa 10, domin yuriya ta ƙara nauyi ba ta kawo ko ƙwayarsu ba. Kilo ake tarawa, kaso cikin ɗari ba a tara shi.

Yanzu mu juya tambayar. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga masara a irin ƙasarmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotashiyam a hekta ɗaya. Buhu nawa na kowanne za a saya? Fosfaras daga kamfa kaɗai yake zuwa, don haka 60 a raba da 7 da rabi, buhu 8. Waɗannan takwas ɗin sun riga sun kawo kilo 60 na naitirojin, saura 60, a raba da 23, ya ba da buhu biyu da rabi da ɗan ɗori na yuriya. Idan kuwa kamfan mai 20:10:10 ne, kowane buhu yana da kilo 10 da 5 da 5, buhu 12 su cika 120 da 60 da 60 ba tare da yuriya ba. Mutum biyu za su ce kamfa suka zuba, lambobin da ke jikin buhunansu su sa amfaninsu ya sha bamban. Wanda bai da ƙarfin cika wannan adadi, kuma irinsa ne suka fi yawa, ya fi kowa buƙatar lissafin, don ya san inda zai sa 'yan buhunansa: ya rage faɗin gonar ya ƙosar da ita, ko ya barbaɗa a ko'ina kowane tushe ya ɗanɗana. Lissafi kuma ba ya ɗauke wa mutum sanin aiki. Kamfa da wuri ake sa shi, yuriya sai masara ta yi mako huɗu zuwa shida, a kuma binne ta, domin in aka bar ta a fili rana da iska su sha rabonsu.

Shi kansa buhun 20:10:10 gauraye ne da aka yi wa lissafi kafin ya iso gare mu. A Disambar 2016, lokacin ziyarar Sarki Muhammad na Shida na Maroko, Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da shirin taki na fadar shugaban ƙasa, wanda ya fara sayar da buhu a kan Naira 5,500. Abu huɗu ake haɗawa: yuriya ta gida, sinadarin fosfaras daga Maroko, fotash daga ƙasashen waje, da dutsen farar ƙasa na gida mai cika nauyi. Masana'antar haɗa taki ta Funtua tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Abu huɗu da ba a sani ba, shaidu huɗu: naitirojin ya kai 20, fosfaras 10, fotashiyam 10, jimillar nauyi kuma ta cika. Aikin Baba ne, sai dai tulin ya zama huɗu, tiya ta zama tan.

Haka abin yake a akurki. Garin masara yana da furotin kusan kashi 9 cikin ɗari, tunkuzar waken soya da aka matse mai kusan 44. A ce ana son kilo 100 na abinci mai kashi 16, irin na kaji masu ƙwai. Bi hanyar Baba: ƙaddara duka masara ce, furotin kilo 9, saura 7 a kai 16. Duk kilon masara da ka musanya da soya ya ƙara 35 cikin ɗari na kilo. Bakwai a raba da wannan, 20. Kilo 80 na masara, 20 na soya. In 'yan tsakin gidan gona ne masu buƙatar kusan kashi 23, giɓin ya zama 14, soya ta koma 40, masara 60. Abincin kaji na gaske yana buƙatar garin ƙashi da gishiri da sinadaran bitamin, ɗanyen waken soya kuma sai an gasa ko an dafa kafin a ba su, amma ginshiƙin haɗin shi ne wannan. Matar da take kiwon kaji hamsin a bayan ɗaki, in ta iya shi, ta san abin da take saye da abin da take zubawa.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata a sani: ba kowane mutum biyu ne shaidu biyu ba. Ƙaddara maƙwabcinka ya ce ya sayi kamfa biyu da yuriya ɗaya a kan 130,000, wani kuma ya ce kamfa ɗaya da yuriya biyu a kan 125,000. Haɗa maganarsu: uku da uku 255,000, kamfa ɗaya da yuriya ɗaya 85,000. Cire wannan daga maganar na farko, kamfa ya fito 45,000, yuriya 40,000. Amma da na biyun cewa ya yi kamfa huɗu da yuriya biyu a kan 260,000, da bai ƙara maka komai ba, maganar na farko ce ya ninka. Da kuma 250,000 ya ce a kan huɗu da biyun, da ka san ɗayansu ya yi mantuwa ko ba shago ɗaya suka je ba. A zamanin da labari ɗaya yake zagaya waya ɗari a WhatsApp kafin azahar, yana da kyau mutum ya riƙa tambaya: mutum goma ne suka gani, ko mutum ɗaya ne ya faɗa tara suka maimaita?

A hanyarmu ta komawa gida na gaya wa yaron cewa ilmin nan da yake ɗauka na Turawa ne ya daɗe a gidan Musulmi kafin ya je Turai. Sunansa ma, aljabar, daga littafin Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya samo asali, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, a kan aljabar da muƙabala. Duk wanda ya karanta babin alwala ya san jabira, ɗaurin karaya da ake shafa a kansa. Tushensu ɗaya da aljabar, wato ɗori, mayar da abin da ya ragu a gefe ɗaya don lissafi ya miƙe. Muƙabala kuwa Bahaushe ya san ta: a fuskanto ɓangare biyu, abin da ya zama iri ɗaya a nan da can a share shi, kamar yadda yaron ya cire 32,000 daga kowane gefe. Alkhawarizmi bai yi amfani da x ko y ba. Da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba ya kira shi “abu”, babban kaso na littafin kuma a kan wasiyya da rabon gado yake. Salon Baba ya fi kusa da nasa fiye da na allon aji.

Can ƙasar Sin ma, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, tsohon littafinsu na lissafi mai babi tara ya buɗe babi na takwas da tambaya a kan damman hatsi iri uku, mai kyau da matsakaici da na baya, da abin da kowane dami yake bayarwa in an sussuka. Manomi ne ya haifi tambayar, malami ya raine ta. Mu Katsinawa kuma muna da namu: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya bar ƙasar Katsina ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda kowane layinsa, a tsaye da a kwance da a karkace, yake ba da jimilla ɗaya, ya rasu a can a 1741. Gamsar da sharuɗɗa da yawa a lokaci guda shi ne aikin da ya yi suna da shi. Ɗan Ƙanƙara da yake zaune gaban x da y gadon gidansu yake karanta.

Ba na mantawa da halin da yankinmu yake ciki. Dajin da ya haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari ya raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, wasu sun koma noman 'yar gonar bakin gari. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Tun daga nan iyaye da dama suke jin fargabar makaranta, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai dai idan gona ta ƙanƙance, taki ya yi tsada, jari ya yi ƙaranci, kuskuren buhu ɗaya yana iya zama abincin wata guda na gida. A irin wannan lokaci ne gida ya fi buƙatar yaron da zai karanta lambobin jikin buhu ya faɗa wa mahaifinsa abin da ke ciki.

Ɗan yayata ya koma makaranta da yagaggen kwalin nan a cikin littafinsa. Da aka fara shirin damina, mahaifiyarsa ta gaya mini shi ya zauna da babansa suka lissafa takin gonarsu, har ya hana shi sayen wani buhu da aka kawo ƙauyen a farashin da ya yi ƙasa da na dila a Funtua. Ya ce masa, “Baba, akwai na uku a ciki.”

Kirana ga malaman lissafi shi ne su shigo da tiya da buhun taki da ba komai a ciki cikin aji, su fara da masara da yuriya kafin su rubuta x. Iyaye kuma su riƙa tura yara su zauna kusa da ma'auna da masu shayi da masu dama fura, su tambaye su yadda suke yi. Kai kuma mai karatu, duk abin da aka haɗa aka miƙo maka, taki ne, ko hatsi, ko abincin kaji, ko labari, yi masa tambaya biyu kafin ka karɓa: nawa ne, kuma me ke ciki? In amsoshin biyu ba su zauna a tabarma ɗaya ba, mayar da kuɗinka aljihu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya.